Talabijin na Ganin Dama da Hausawan Kurmi

Duk wanda ya taɓa zama cikin Hausawan Fatakwal, ko na Anaca, ko na Inugu, ya san cewa kasuwa ce ke yanka musu lokaci, domin mai shanu a Garkin Ugwuoba ba shi da tabbacin sa'ar da tirela za ta iso daga Arewa, mai tsire sai bayan magariba yake hura wuta, mai gadi kuwa darensa shi ne ranarsa. Talabijin irin na dauri, shi kuma, tafiyarsa irin ta jirgin ƙasa ce, wanda ya makara ya rasa, ba a kuwa tsaya masa. Daga wannan saɓani za a fahimci dalilin da ya sa sabon tsarin nan, da za mu kira kallon ganin dama, ya sami karɓuwa wurin waɗannan bayin Allah tun kafin su damu da sanin sunansa.

An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ta Inugu ta biyo baya a 1960, ta Kaduna kuma a 1962. Ko da yake Hausawa da Fulani sun daɗe a Gabas, har ma Malam Umaru Altine, mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, tashoshin wannan nahiya da Turanci da harsunan mutanen wurin suke magana, hoton Kaduna kuwa ba ya ƙetare Binuwai. Saboda haka rediyo ce ta riƙe zumunci, wato Rediyon Kaduna da sashen Hausa na BBC a gajeren zango, alhali wasannin kwaikwayo na Hausa galibi sai an je gida da salla ake cin karo da su. Da aka fara finafinan Hausa na kaset, daga Turmin Danya na 1990, sai ya zamana mazaunin Anaca, wanda ke maƙwabtaka da titin Iweka, cibiyar cinikin finafinan Kudu, shi nasa kaset ɗin daga Ƙofar Wambai ta Kano yake jiran a kawo masa. Tauraron ɗan'adam ya rage nisan, musamman bayan kafa Arewa24 a 2014, amma bai kawar da jadawali ba, bai kuma kawo wutar lantarki ba.

Haƙiƙanin yadda sabon tsarin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Maimakon tasha ta watsa shiri guda ga kowa a sa'a guda, sai a taskace shirye-shirye a cikin manyan kwamfutoci, kamar yadda ake jera littattafai a zauren malami, duk wanda ya buƙaci ɗaya sai wayarsa ta nemo shi ta intanet, a riƙa aiko masa kaɗan-kaɗan yana kallo, in ya so ya tsayar ya tafi masallaci, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Wasu kamfanonin kuɗin wata suke karɓa, kamar Netflix da ta shigo Nijeriya a 2016, da Northflix da manhajar Arewa24 ta ɓangaren Hausa. YouTube kuwa da talla take ci, kuma a nan ne akasarin jama'armu suka yada zango. Akwai kuma hanya ta uku wadda talaka ya fi sani, ita ce ta masu turi, waɗanda ke sauke fim sau ɗaya su tura wa mutum ɗari a waya da 'yan kuɗi ƙalilan, mai fim kuwa ko sisi ba ya gani. Wannan, a ganina, cin haƙƙi ne, ko da tsadar data ta sa ana kau da kai.

Masu shirya fim su ne suka fara jin canjin a jikinsu, domin kasuwar faifai ta mutu, suka koma ga shiri mai dogon zango, irin su Izzar So da Labarina, inda ake yanke kowane kashi daidai wurin da zuciya ta rataya don a dawo mako mai zuwa. Tashoshi kuma, da yake ƙarfinsu dama shi ne tara jama'a a sa'a ɗaya su sayar wa masu talla idanunsu, sun wayi gari suna zuba shirye-shiryensu a dandalin da ke janye musu masu kallo, abin da ya rage a hannunsu sosai shi ne abin da ba ya jira, wato labarai da ƙwallo. Hatta hukuma al'amarin ya sha mata kai: Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayu na 2025 bisa hujjar ba a kawo mata su ta duba ba, amma ikonta a kan mai shiryawa yake, bai kai ga wayar mai kallo a Diobu ta Fatakwal ba.

Fa'idar da baƙo ya samu ba ƙarama ba ce, kuma ban yarda da masu raina ta ba. Yaron da aka haifa a Fatakwal, wanda Turancin buroka ya fi kama bakinsa, yanzu yana jin Hausar Kano kullum a ɗakin uwarsa. Ɗan kasuwar da azumi ya riske shi a bakin gadar Anaca yana sauraron tafsirin Shaihu Ja'afar Mahmud Adam bayan tarawihi, shekaru bayan rasuwar malamin a 2007, Allah ya jiƙansa. Sai dai akwai abin da ya salwanta, wanda ni kaina nake jin zafinsa. A da akwatin mai shayi shi ne majalisar unguwa, inda Bakano da Basakkwace da mutumin Maraɗi ke haɗuwa a benci ɗaya, a yi dariya tare, a yi musu, a nan kuma ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda za shi gida a ba shi saƙo. Yanzu bencin yana nan, mutanen ma suna nan, amma kowa ya sunkuya a kan tasa wayar da abin ji a kunne, ɗaya yana kashi na goma, na kusa da shi yana na talatin yana roƙon kada a ba shi labari, mai shayi kuma ya ƙara da sana'ar cajin waya.