Yadda Ake Fid da Giyar Mota Daga "P" Idan Ta Cije

Ana jawo hankalin Hakimai da malamansu a kan motocin nan marasa kuloci, masu sauya giya da kansu, watau otomatik. Sau da yawa akan tashi za a kai majinyaci asibiti, ko za a kau da mota daga tsakiyar hanya, sai a tarar sandar giya ta ƙi motsi daga harafin P.

Dalili kuwa shi ne, an yi wa sandar wata 'yar sakata mai aiki da lantarki, ba ta sakinta sai an murɗa makulli an taka birki. An yi haka ne don kada yaro ya ja sandar mota ta gangara, har ƙasar Amurka ta wajabta shi da doka a kan motocin da aka ƙera daga 1 ga Satumba, 2010. To, in batir ya mutu, ko fiyus ya ƙone, ko maɓallin da ke jikin birki ya lalace, sakatar ba za ta buɗe ba. A sa wani ya duba baya; in an taka birki jan fitila ba ta kama ba, ga inda cutar take.

Da fari a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi weji ko dutse. Wannan lalle ne, don da zarar giya ta bar P babu abin da ke riƙe da motar sai su. Sa'an nan a duba gefen sandar, a yawancin motoci akwai wani ɗan murfi kamar ƙwayar wake biyu. A ɓamɓare shi, a zura makulli ko sukudireba a danna, ƙafa tana kan birki, a ja sandar zuwa N. Daga nan mota na turuwa, in kuwa batir da rai injin zai tashi a N. Motocin da ke da maɓalli maimakon sanda, sai a duba littafinsu, don kowace da wurin da aka ɓoye nata.

In a gangare aka ajiye motar, nauyinta ne ya danne ƙarfen da ke cikin akwatin giya. Kada direba ya yi kokawa da sandar, ƙarfi ba ya gyara wannan. A sami mutane su ɗan tura ta sama kaɗan, sai ta saki.

A tuna fa, in inji ba ya aiki birki da sitiyari sukan yi tauri ƙwarai. Kuma kada a ɗaura mata igiya a ja ta nisa tayoyin da inji ke juyawa suna ƙasa, gama mai ba ya zagayawa, giyar za ta ƙone. A ɗora ta bisa babbar mota a kai wa makaniki.