Dainason Roba da Burushi: Wasan da Ke Horar da Ido

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sayar da kayan wasan yara ya san su: 'yan dabbobin roba masu dogon wuya ko manyan haƙora, kore shar ko ja wur, an ɗiga musu ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Siffofin dainaso ne, halittun da masana suka ce sun gushe daga doron ƙasa kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. A Turai da Amurka da Japan akwai manya da yara da suka mai da sake wa waɗannan 'yan robobi fenti abin yi a lokacin hutu, su sayo mai araha, su wanke shi, su zauna da burushi har ya fito kamar zai motsa. Ina ganin wannan aiki ya wuce ado. Ga wanda bai taɓa riƙe burushi ba, da wuya a sami makaranta mai sauƙin kuɗi da ta kai shi koya wa ido kallon halitta da kyau, da koya wa mutum kafa hujja kafin ya yanke hukunci.

Abin da ya sa dainason roba ya dace da ɗan koyo shi ne an riga an yi masa aiki mafi wuya. Mai sassaƙa ya fitar da tamojin wuya, da ɓawon fata, da jijiyar cinya, sai dai fentin masana'anta ya binne su, domin a can sauri ake yi, launi biyu ko uku ake fesawa a wuce. Tun asali ma ba a cika damuwa da fentin ba. Dainason da kamfanin Marx ya riƙa sayarwa a Amurka a shekarun 1950 launi ɗaya ne tal, haka ma yawancin waɗanda kamfanin Invicta ya yi wa gidan tarihin halittu na Landan. Yau kamfanoni irin su Schleich na Jamus da Papo na Faransa da Safari na Amurka suna fitar da masu kyan fenti da tsada, amma ɗan koyo ba su yake bukata ba. Wanda ya sayi takarda fara zai yi zane, tsoron layin farko kan daskarar da hannunsa. Wanda ya tsinto dainaso a gwanjo kuwa ba ya tsoron ɓata shi, kuma in fentin bai yi ba, sai ya bari ya bushe ya maimaita a kansa.

Aikin yana farawa ne da sabulu da ruwan ɗumi da tsohon burushin haƙori, domin robar takan fito daga mazubi da ɗan maiƙo a jikinta, ga kuma dattin hannun da ta sha, kuma fenti ba ya kama maiƙo. In ƙafa ta karkace, a tsoma ta cikin ruwan zafi har ta yi laushi, a miƙe ta, a tsunduma cikin ruwan sanyi, sai ta tsaya. Ɗan siririn layin da ke bin gadon baya, inda ɓangarorin mazubi biyu suka haɗu, a kankare shi da gefen reza a hankali. Daga nan sai fentin shimfiɗa, toka-toka ko fari, wanda sauran launuka za su zauna a kai. A nan ne mutane da yawa suke tafka kuskuren da ba ya gyaruwa cikin sauƙi: su ɗauko fentin mai ko na feshi irin na ƙarfe. Yawancin waɗannan kayan wasa da roba mai laushi ake yin su, wadda aka cuɗa da sinadarin da ke hana ta ƙagewa, kuma wannan sinadari ba ya shiri da fentin mai. Sai abu ya yi makonni yana danƙo, ƙura na manne masa. Fentin akirilik, wanda ake sirkawa da ruwa, shi ne na wannan aiki. A sirka shi ya yi ruwa-ruwa, a shafa sau biyu ko uku, ana barin kowane shafi ya bushe, maimakon a lafta mai kauri sau ɗaya ya cike tamojin da ake son fitarwa.

Dabaru biyu ne ke sa ɗan koyo ya ga abin mamaki tun ranar farko. Ta farko, a sirka launi mai duhu da ruwa sosai, a malala shi a jikin dabbar. Da kansa zai gangara ya kwanta a cikin kowane lungu da tsaga, ya bar tudun fata da haske, sai ka ga haƙarƙari da naɗin wuya sun bayyana inda a da ba a ganin komai. Ta biyu kishiyarta ce: a ɗebo launi mai haske, a goge burushin a tsumma har ya zama kamar babu sauran fenti a jikinsa, sannan a riƙa shafa shi sama-sama. Ƙwayoyin fata da suka ɗago su kaɗai za su ɗauki hasken. Ido da tsinken sakace ake ɗiga shi. A ƙarshe a rufe da ruwan kariya marar sheƙi, a ɗan sa mai sheƙi a ido da cikin baki, saboda nan ne ke da danshi a jikin dabba mai rai.

To, a nan mai musu zai ce: ai babu wanda ya taɓa ganin dainaso, saboda haka kowane launi aka shafa daidai ne, ina horon ido a ciki? Da a shekarun 1980 aka yi wannan magana, da ta fi ƙarfi. A 1996 aka bayyana wani ɗan ƙaramin dainaso daga lardin Liaoning na ƙasar Sin, Sinosauropteryx, da alamun gashi kewaye da ƙasusuwansa. A 2010 masana suka duba wannan gashi da na'urar hangen ƙananan abubuwa, suka ga burbushin 'yan ƙwayoyin da ke riƙe launi a gashin tsuntsaye. Siffar ƙwayoyin ita ke nuna launin: dogaye na baƙi da toka, masu zagaye na ja-ja. Daga nan aka gane dabbar jaja-jaja ce, da wutsiya mai zobba-zobba na fari da ja. A shekarar dai aka fitar da launin Anchiornis, mai jiki baƙi da toka, fuka-fukai masu fari, da jan tukku a ka. A 2012 aka nuna Microraptor baƙi ne mai ƙyalli. A 2016 binciken fatar Psittacosaurus ya nuna bayansa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, cikinsa kuma da haske, kuma a 2017 aka sami irin wannan tsari a jikin Borealopelta, wani ƙato mai sulke da ma'aikatan haƙar ma'adinai suka tono a Alberta ta Kanada a 2011. Ke nan tambayar launi tana da amsa a wasu wurare, kuma mai fenti da ya san haka ba zai shafa abin da ya ga dama ba.

Gaskiya ne waɗanda aka san launinsu kaɗan ne. Amma a wurin sauran ne aikin ya fi daɗi, domin dole mutum ya koma ga dabbobin da ke raye ya tambayi dalili. Me ya sa bayan barewa ya fi cikinta duhu? Rana daga sama take haskawa, tana sa baya ya yi haske, ciki ya shiga inuwa; launin barewa yana soke wannan bambanci, sai jikinta ya ɓace wa mai farautarta daga nesa. Me ya sa jan gwada yake da kai mai launin lemo da jiki mai shuɗi, macen kuwa kalar ƙasa? Shi yana son a gan shi, ita ɓuya ta fi mata amfani. Giwa da dorina ba su da zane, girmansu ya ishe su. Wanda zai yi wa Nigersaurus fenti, dainason nan mai tsawon kusan mita 9 da faffaɗan baki mai haƙora sama da 500, wanda aka tono a Gadufawa cikin hamadar Tenere ta Nijar kuma Paul Sereno da abokan aikinsa suka raɗa masa suna a 1999, sai ya tuna cewa kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce wurin koguna ne da dausayi, dabbar kuma kai a ƙasa take kiwo, a maƙwabtaka da manyan maciya nama. Maƙwabcinsa Suchomimus, mai dogon baki irin na kada, kifi yake kamawa, don haka mai hankali zai duba kada da guza kafin ya zaɓa masa launi. Mutumin da ya yi shekaru yana wuce damo da zabo bai taɓa tsayawa ya ƙare musu kallo ba, ranar da ya so ya kwaikwayi ɗigon jikinsu da burushi, ranar ce zai fara ganinsu.

Wani zai ƙara da cewa siffar robar kanta ƙarya ce, fenti ba zai gyara ta ba. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Velociraptor ɗin da ya cika kasuwa kwaikwayon na fim ɗin Jurassic Park ne na 1993, ƙato mai fata tsirara, alhali na ainihi bai wuce girman talo-talo da doguwar wutsiya ba, kuma a 2007 aka ga gurbin gashin fiffike a ƙashin hannunsa. Sai dai kuskure irin wannan ba 'yan kasuwa suka fara shi ba. Gumakan dainaso da Benjamin Waterhouse Hawkins ya gina a lambun Crystal Palace na Landan a 1854 sun ɗora wa Iguanodon ƙaho a hanci, sai da aka tono cikakkun ƙasusuwa a mahaƙar kwal ta Bernissart a Beljiyam a 1878 aka gane ashe babban yatsansa ne. Ɗan koyon da ya riƙe roba a hannu ɗaya, hoton ƙwarangwal a ɗayan, ya gano da kansa cewa wutsiyar bai kamata ta ja ƙasa ba, ya koyi abin da hoto mai kyau a littafi ba zai koya masa ba.

Akwai kuma damuwar da ta fi kusa da zuciyar masu karatu da yawa, wato hukuncin siffar abu mai rai a addini, kuma ba abin wasa ba ce. Sanannen abu ne cewa malamai da dama sun sassauta a kan kayan wasan yara, suna kafa hujja da 'yan tsanar Nana Aisha, Allah ya ƙara mata yarda, yayin da wasu suka tsananta idan siffar ta cika ko aka ajiye ta don ado. Wannan fage na malamai ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi wanda ya amince da iliminsa kafin ya sayi burushi.

Abin da bai kamata a yi sakaci da shi ba shi ne lafiya. An sha samun dalma a fentin tsofaffin kayan wasa da na marasa inganci, don haka kada a goge tsohon fenti da takardar yashi har ya zama ƙurar da za a shaƙa. A wanke, a shafa sabo a kansa. Reza aikin babba ce, yaro ya tsaya kan burushi. Dainason da aka sake wa fenti kuma ya tashi daga kayan wasan jariri mai kai komai baki. Wanda zai fara ya nemi mai kaushin fata da zurfin tamoji, irin su Triceratops ko Ankylosaurus, domin a jikinsu ne dabarun nan biyu suka fi fitowa, ya tanadi burushi biyu, babba da ƙarami, da launi biyar: fari, baƙi, ja, rawaya da shuɗi. Sauran launukan duk daga cikin waɗannan zai haɗa su a kan tsohon faranti.