Dubu Arba'in da Huɗu: Nazarin Babbar Lamba a Ƙidayar Hausa

Gabatarwa

A shekarar 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Tafkin da ya taru a bayanta ya cinye garuruwa da tsibirai a ƙasashen Borgu da Yauri, har aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai. Duk malamin da zai koyar a Yauri ko Ngaski ko Shanga zai iya cin karo da wannan adadi, don haka ya dace ya san yadda ake furta shi da kuma siffofinsa.

Harshen Damo a Furuci

Idan aka ce "dubu arba'in da huɗu", mai sauraro zai iya rubuta 44,000 ko 40,004, domin ba a fayyace ko "huɗu" na ƙidaya dubbai ne ko ɗaiɗaiku ba. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce 3,996. Hausa na warware wannan ta hanyar maimaita kalma: "dubu arba'in da dubu huɗu" ita ce 44,000, "dubu arba'in da guda huɗu" kuwa 40,004. A zamanin kuɗin wuri, keso ɗaya wuri 20,000 ne, zambar kuma dubu ce. Saboda haka mai ƙidaya zai ce "keso biyu da zambar huɗu", babu ruɗani.

Siffofin Lambar

1. Tana rabuwa biyu daidai ba saura, wato 22,000 sau biyu.

2. Haɗaɗɗiya ce. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kamar 2 da 5 da 11, waɗanda su ne tubalan ginin sauran lambobi. Tubalan 44,000 su ne: 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 11.

3. Lambobi 48 ne ke raba ta ba saura, tun daga 1 har ita kanta. Idan aka tara su ban da ita, za a sami 73,936, wanda ya zarce ta. Masana lissafi na sanya irinta a rukunin lambobi masu yalwa.

4. Babu cikakkiyar lambar da za a ninka da kanta a same ta, domin 209 × 209 na ba da 43,681, yayin da 210 × 210 ke ba da 44,100.

Ita kuwa 40,004, tubalanta su ne 2 × 2 × 73 × 137, masu raba ta kuma 12 ne kacal. Ke nan lafazi ɗaya ya ɗauki lambobi biyu masu mabambancin gini.

Kammalawa

Wajibi ne malami ya furta babbar lamba a fayyace, ya rubuta ta a allo, kuma kada ya yar da kalmar "kimanin" inda adadin ƙiyasi ne. Sakaci da kalma ɗaya na iya shafe kusan mutum dubu huɗu daga tarihin bakin tafkin Kainji a littafin ɗalibi.