Solon jita ga mai koyo: rage sauti, ka bar gibi

Yau zan yi magana da kai mai koyon jita, wanda ka iya riƙe kod-kod, amma da an ce "to, shiga solo", sai yatsunka su yi ta hawa da sauka babu ma'ana. Wasu a daidai nan suke jingine jitar su ce ba su da baiwa. A ganina ba baiwa ce ta yi ƙaranci ba, sautukan ne suka yi yawa.

Mu ɗauki sikelin da ake fara koya wa kowa, wato pentatonik na A maino. Sautuka 5 ne kacal: A, C, D, E, G, kuma ana kama shi daga gaɓa ta 5. To ni cewa nake ka ajiye 2, ka riƙe 3: A a tsirkiya ta 4 gaɓa ta 7, sai C da D a tsirkiya ta 3, gaɓa ta 5 da ta 7. Ka kunna kiɗan bulus mai zagaye 12 a kan A, ka yi minti 5 ba ka taɓa komai ba sai su. Da farko za ka ji ka takura. Daga nan dole ka fara wasa da lokaci: wannan ka ja shi, wancan ka datse shi, wani ka tura tsirkiyar sama har D ya kai E.

Na biyu, ka yi shiru. Ka san yadda mawaƙi yake jefa baiti, 'yan amshi su karɓa? Haka solo yake. Kaɗa gajeriyar jimla, ka dakata, sannan ka amsa wa kanka. Dabarar da nake bayarwa ita ce ka rera da baki kafin ka kaɗa. Inda numfashinka ya ƙare, nan yatsa zai tsaya. Saurari B.B. King, wanda ya rasu a 2015: sauti ɗaya zai riƙe yana girgiza shi, kuma ya wadatar. Ko Bombino na Agadez, yadda yake maimaita jimla ɗaya yana ɗan sauya ta.

Na uku, ka san inda za ka sauka. Kod ɗin bulus a A guda 3 ne: A, D da E. Idan kiɗan ya koma D, ka ƙare jimlarka a kan D. Kunne zai ji kamar ka iso gida.

A ƙarshe, ɗauki kanka da waya, ka saurara washegari. Za ka ji inda ka yi gaggawa da inda ka cika surutu. Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Lahadi kaɗai.

Gwada na mako guda ka faɗa mini yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.