Yadda za ka sayi shago ko injin sana'a ba tare da jinginar da gidanka ba

Duk wanda ya taɓa neman rance a banki domin sayen gidan burodi, injin niƙa ko shagon da mai shi ke son rabuwa da shi, ya san tambayar farko: kana da takardar gida ko fili?

Ga magidanci wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gidan nan shi ne rufin asirin mata da yara, wani lokaci ma na gado ne da 'yan'uwa ke da haƙƙi a ciki. Idan kasuwa ta juya baya, sana'a da matsuguni za su tafi tare. Sai dai akwai hanyoyin da abin da za ka saya zai tsaya wa kansa.

Kayan sana'ar su zama jingina

A watan Mayun 2017 muƙaddashin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya sanya hannu kan dokar da ta ba da damar karɓar rance da kadarorin da ake iya ɗauka. Sun haɗa da injina, motoci, dabbobi, hajar cikin shago, har da bashin da kake bin abokan ciniki. Ana shigar da su a rajistar jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, CBN.

Dokar ba ta tilasta wa banki karɓar kayanka ba, don haka sai ka tambaya a wurare da dama, har da ƙananan bankuna. Rajistar kuma tana da wani amfani ga mai saye: kafin ka biya ko sisi, a bincika ko mai shagon ya riga ya jinginar da injinan ga wani.

Mai sayarwa ya jira ka

Wanda ya matsu ya sayar kan yarda a ba shi wani kaso, sauran a biya wata-wata daga cinikin shagon. Idan ya ƙi ko da sauraron wannan tayin, sai ka ƙara duba littafin cinikinsa da kyau. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a fayyace abin da zai biyo baya idan biya ya yi jinkiri.

Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa

Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. A tsarin murabaha, banki ne ke sayen injin ya sayar maka da ribar da kuka amince, ka biya kashi-kashi. A ijara kuwa injin na banki ne, kana biyan haya, kuma ana iya tsarawa ya zama naka a ƙarshe. Su ma sukan nemi kafin alƙalami da masu tsaya maka, kuma idan kuɗin na da yawa suna iya neman kadara. Adashe ko ƙungiyar gama-kai na iya samar da kafin alƙalamin, ko ka nemi mai jari ku yi ƙiradi, shi da kuɗi kai da aiki, ku raba riba.

Inda gizo ke saƙar

Ƙin miƙa takardar gida ba ya nufin gidan ya tsira. Idan sunan kasuwanci kawai ka yi wa rajista a hukumar CAC, bashin sana'ar bashinka ne, kuma kotu na iya ba da umarnin sayar da kadararka. Kamfani mai iyakantaccen alhaki yana raba dukiyarka da ta sana'a, amma idan ka sa hannu cewa kai da kanka ka tsaya wa kamfanin, wannan kariyar ta faɗi.

Saboda haka kada ka sa hannu a takardar rance sai lauya ya karanta maka ita. Kuɗinsa bai kai na neman gidan haya ba.