Raƙumin ruwa a bakin hamada

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Amma wataƙila kai mai karatu ka taɓa zuwa Kwatano ko Lome ko Ikko neman kuɗi, ka tsaya bakin ruwan nan da ba a ganin ƙarshensa. In ba ka je ba, ka ji labari daga bakin waɗanda suka je. Abin da kowa ke fara faɗi shi ne, ruwan teku ba ya kwanciya. Yana tasowa, ya yi tozo, ya taho da ruri, ya faɗi bisa rairai. Wannan tozon shi ake ce ma raƙumin ruwa. Wasu kuma su ce igiyar ruwa.

To, akwai mutanen da ke hawan wannan raƙumi. Abin hawansu wani dogon allo ne marar nauyi, tsawonsa wajen mita 2. Mutum ya kwanta rub da ciki bisa allon, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya yi nisa da gaɓa. Can zai zauna yana jira. In raƙumin ruwa ya taso bayansa, sai ya ƙara tuƙi da ƙarfi, ruwan ya ɗauke shi, shi kuma ya yi wuf ya miƙe tsaye. Ba inji, ba sanda, ba linzami. Ƙarfin ruwa kaɗai ke tura shi. Nasara na ce ma wasan sarf. Mutanen tsibiran Hawayi, cikin tekun Fasifik, sun daɗe suna yin sa tun kakannin kakanni, daga can ya bazu cikin duniya.

Wannan karatu zai kai ka wani wuri guda da ake wannan wasa, a nan Afirka, inda hamada ta sauko har ta taɓa teku.

Hamadar da ba ta san ruwan sama ba

Ƙasar sunanta Namibiya. Tana kudu maso yammacin Afirka, tsakanin Angola da Afirka ta Kudu. Ta samu ƴancin kai a 1990. Duk yammacinta hamada ce da ake kira Namib, wadda ta bi bakin tekun Atlantika wajen kilomita 2000. Kai da ka san Tenere, ko da a labari, ka san tuddan rairai. To ka ɗauka kana bisa tudun rairai, ka sauko, sai ƙafarka ta shiga ruwan teku. Haka wurin yake.

Za ka ce, yaya ƙasa za ta zauna kusa da ruwa mai yawa haka, kuma ta bushe? Dalili shi ne ruwan tekun nan sanyi gare shi ƙwarai. Yana gangarowa daga kudu, kuma wani na tasowa daga ƙarƙashin teku. Ruwa mai sanyi yana sanyaya iskar da ke bisansa, iska mai sanyi kuwa ba ta tashi sama ta haɗa hadari. Sai dai ta yi hazo, mai laima, ya rufe gaɓa da safe. A garin Walbis Be, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, ruwan saman shekara guda galibi ba ya kai milimita 20. Maraɗi kan samu wajen 500. Akwai ma wani ƙwaro a hamadar da ke hawa tudu da asuba, ya duƙar da kai, ya ɗaga baya, hazo ya taru a jikinsa ya gangaro cikin bakinsa. Da haka yake sha.

Gaban Walbis Be akwai wani dogon harshe na rairai da ya shiga cikin teku, ya kare tashar daga haukan ruwa. A bayan wannan harshe, ɓangaren da ke fuskantar babban teku, nan wurin namu yake. Mutanen gari na ce masa Donki Be, wato lungun jaki. Baƙi masu wasa kuwa suka sa masa Sikeletan Be, lungun ƙwarangwal, don gaɓar ƙasar ta yi suna wajen ƙasusuwan manyan kifaye da gawarwakin jiragen ruwa.

Daga ina raƙumin yake zuwa?

Ka taɓa tsayawa bakin gonar hatsi da damina, iska ta busa? Za ka ga kamar wani abu yana gudu bisa gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Amma ko kara ɗaya bai bar wurinsa ba. Kowane ya sunkuya ne ya miƙe. Raƙumin ruwa ma haka yake. Ba ruwan ke tafiya ba, motsin ne ke tafiya.

Iska ke haifar sa. Can kudu mai nisa, wajen ƙasar ƙanƙara, manyan guguwa kan tashi bisa teku, su yi kwanaki suna dukan ruwa. Motsin da suka tayar sai ya kama hanya, ya ci dubban kilomita, ya yi kwanaki yana tafiya. A hanya ƙanana su mutu, manya su jeru bi da bi kamar ayarin azalai. Shi ya sa za ka iya tsayawa gaɓar Namibiya ranar da ko ganye ba ya motsi, ka ga manyan raƙuma na isowa. Iskar da ta haife su tana wata duniya.

In raƙumi ya iso inda ruwa ba zurfi, gindinsa sai ya riƙa jan ƙasa, ya rage gudu. Samansa kuwa bai rage ba. Sai ya yi tsawo, ya rinjaya gaba, ya kife, kamar mai gudu da aka yi ma taɗiya. Wannan kifewa ita ake ce ma fashewa.

Yanzu ka kula da kyau, nan ne gindin maganar. In raƙumi ya zo ma gaɓa gaba da gaba, duk tsawonsa zai fashe lokaci guda, kamar katanga ta faɗi. Mai allo ba ya samun komi, sai duka. Amma in akwai hancin ƙasa da ya shiga teku, raƙumin ya zo masa a karkace, to gefe ɗaya ne zai fara taɓa ƙasa. Nan zai fara fashewa. Sauran jikinsa yana nan tsaye cikin zurfi. Fashewar sai ta riƙa bin gaɓa kaɗan kaɗan, kamar wuta na bin layin busasshiyar ciyawa. Mai allo ya tsaya gaban wutar, yana gudu, tana bin sa. Muddin bai bari ta cim masa ba, yana bisa.

A wurare da yawa na duniya, in mutum ya yi daƙiƙa 10 ko 15 tsaye bisa allo, ya gode. A Donki Be, raƙumi guda na iya bin gaɓa kusan kilomita 2 yana fashewa. Kuma ba fashewa kawai ba. Leɓensa na tsalle gaba ya rufo, ya bar rami a ciki kamar dogon zaure. Gwani kan duƙa ya shige cikin zauren, ruwa bisa kansa, ruwa bayansa, haske kaɗai yake hange a ƙofa. A 2018 wani saurayi ɗan Hawayi, Koa Smith, ya hau raƙumi guda a nan wajen minti 2, ya shiga irin wannan zaure ya fito har sau 8. An ɗauki hotonsa, duniya ta gani.

Me ya sa ba cunkoso?

Wasan na da doka: raƙumi ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda fashewa ta fara, shi ke da shi, saura su kauce. Ka san rijiya ranar da mata suka yi yawa, guga ya fi ruwa. Haka bakin tekun manyan birane yake, mutum 100 na jiran raƙumi guda, har faɗa kan tashi. Don haka masu wasan ke yawon duniya neman wurin da ba kowa.

Ƴan Namibiya kaɗan sun san wurin, suna zuwa abinsu ba su faɗa ma kowa ba. A 2008 wata mujallar Amurka mai suna Surfing ta sa gasa: a duba hotunan tauraron ɗan Adam a Google Earth, a nemo wurin da duniya ba ta sani ba. Wani Ba'amurke, Brian Gable, yana zaune gaban kwamfuta ya hango layin farin kumfa a gaɓar Namibiya. Shi ya ci gasar. A shekarar aka kai wani gwani, Cory Lopez, ya hau. Daga nan asiri ya tonu.

Duk da haka wurin bai zama kasuwa ba, kuma dalilan ba masu daɗi ba ne. Raƙumin kirki ba ya zuwa sai cikin sanyin ƙasar, daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, lokacin da mu muke damina. Ko cikin waɗannan watanni, kwanaki ƙalilan ne. Sauran shekara ba abin da za ka tarar sai hazo da iska. Masu wasan kan zauna garuruwansu suna duban labarin yanayi a intanet. In sun ga babbar guguwa ta tashi kudu, su lissafa ranar da raƙumanta za su iso, su sayi tikitin jirgi cikin gaggawa. Wani ya kashe kuɗi masu yawa, ya zo, teku ta ƙi. Ya koma hannu rabbana.

Hanya kuma ba kwalta har wurin. Daga gari za ka wuce filayen da ake shanya ruwan teku ana ɗibar gishiri, sannan ka faɗa rairai. Sai mota kat-kat, an rage iskar taya, kamar yadda direbobin Agadas ke yi. Wanda bai san lokacin cikar teku ba, ruwa na iya tarar da motarsa a kafe. Ba rumfa, ba rijiya, ba mai sayar da shayi. Maƙwabtanka su ne dila, da dubban wasu dabbobin teku masu gashi da ke kwance bisa rairai suna kuka, masu ɗan kama da ayu. Inda suke kuwa, manyan kifaye masu cin nama ba su nisa.

Ruwan da kansa shi ne babban mai korar mutane. Sanyinsa kan sauka ƙasa da digiri 15, sai da rigar roba mai kauri, mai kama jiki tun daga wuya har idon sawu. Inda raƙumin ke fashewa, wani lokaci zurfin bai wuce ƙugu ba. Ka san rairai da laushi in ka zauna bisansa. In ruwa mai nauyin motoci ya ɗaga ka ya maka, daɓe ne. Alluna na karyewa biyu. Mutane sun karya kafaɗa a nan, wasu sun ji ciwo a wuya da baya, asibiti kuwa sai an koma gari. Ga jan ruwa mai ƙarfi da ke bin gaɓa, ba mai iya tuƙi ya koma inda ya fara. In ka gama hawa, ko ka faɗi, sai ka fito, ka saɓa allo, ka tako da ƙafa cikin rairai kilomita 1 ko 2 ka sake shiga. Mai son hawa 10 a yini, ya shirya ma tafiyar da ta fi ta zuwa kasuwar ƙauyen gaba. A ganina, wanda ya ce wannan hutu ne bai faɗi gaskiya duka ba.

Ranar da teku ta yi kyau, mutane da dama kan taru yanzu, ba kamar da ba. Amma tsawon wurin da jan ruwan na watsa su. Mutum na iya ɗaga kai cikin hazo bai ga kowa ba.

Abin da rairai ya gina

Sauran sanannun wuraren wasan nan, da yawansu dutse ne ke ƙarƙashinsu. Dutse ba ya gusawa, jika zai tarar da abin da kaka ya bari. Donki Be kuwa rairai ne zalla. Rairan nan daga nesa yake. Kogin Oranj, wanda ke kan iyakar Namibiya da Afirka ta Kudu, shi ke kwaso shi daga tsakiyar ƙasa ya zuba cikin teku. Ruwa da iska su tura shi arewa, shekara da shekaru. Wani ya hau tudu ya zama hamada, wani ya bi gaɓa ya gina harshen nan na Walbis Be.

Kai ba sai an gaya maka halin rairai ba. Ka ga yadda yake cinye gona, ya binne shinge, ya toshe hanyar da aka bi bara. Na bakin teku ma ba ya zama. Tsofaffin hotunan sama na shekarun 1970 sun nuna gaɓar ba haka siffarta take ba. Lanƙwasar da ke sa raƙumi ya fashe a jere daga baya ta samu. Ke nan akwai dattawa a Walbis Be da suka girmi wannan raƙumi.

Har yanzu harshen yana ƙara tsawo ta arewa, ruwa kuma yana cin sa ta wajen Donki Be, inda ya fi siranta. Masana na sa ido a kai, don in teku ta huda shi ta nan, ba masu allo kaɗai abin zai shafa ba. Bayan wannan siririn rairai akwai tashar da ke ciyar da Namibiya, inda kayan Zambiya da Botsuwana ma ke sauka, da masunta, da masu aikin gishiri. Masu wasa kuwa, duk shekara in sun iso, abin da suke fara yi shi ne su hau bisa mota su duba ko lanƙwasar bara tana nan.