Sayen fili a Gene da Malanbil: Abin da dokar Benin ta ce game da baƙo

Duk wanda ke bin hanyar Kandi zuwa Malanbil ya san Gene, mararrabar da hanyar Karimama ta rabu, garin da kasuwar shanunsa ke tara Dandawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawan Gaya, Dosso, Kamba da Birnin Kebbi. Da yawa daga cikin fataken nan sun shekara ashirin ko fiye suna biyan kuɗin haya, don haka ba abin mamaki ba ne idan mutum ya fara tunanin mallakar fegi ya gina ɗaki biyu da sito. Rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi, domin akwai waɗanda kayansu suka maƙale a wannan gefe, ba su da wurin ajiya sai na haya.

To, amma kafin a ƙirga kuɗi, ya kamata a san cewa ƙasar Benin tana da dokar filaye, mai lamba 2013-01 ta ranar 14 ga Agustan 2013, wadda aka yi wa gyara a 2017. Dokar ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo. Ɗan Benin yana iya sayen fili a birni ko a ƙauye. Baƙo kuwa a cikin birni kawai aka yarda ya saya, shi ma da sharaɗin akwai yarjejeniya tsakanin ƙasarsa da Benin, wato a ba 'yan Benin irin wannan dama a can. Gona da filin karkara ba a sayar wa baƙo. Abin da aka buɗe masa shi ne haya mai dogon zango, ta gida ko ta wurin sana'a, wadda ba ta wuce shekara 50.

A nan ne Gene ke da wuyar sha'ani. Gari ne da ke ƙarƙashin kwamin ɗin Malanbil, amma da zarar an fita bayan gari sai gonakin auduga da dawa da burtalin shanu. Filin da dillali zai nuna maka a bakin kwalta ya ce "nan gari ne", mai yiwuwa a takardun hukuma har yanzu gona ce. Ba bakin dillali ke raba birni da karkara ba, taswirar hukuma ce.

Wasu za su ce ai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu 'yancin shiga da fita da zama. Haka ne, ta ba da izinin shiga ba biza har kwana 90, da damar zama da kafa sana'a, amma ba ta soke dokar filaye ta kowace ƙasa ba. Sannan 'yan Nijar su tuna ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Kuma kada a ɗauka Benin ce kaɗai ke da irin wannan tsari. A Ghana, tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa ta har abada, hayarsa ma ba ta wuce shekara 50. A Nijeriya kuwa, tun dokar 1978 ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna, har ɗan ƙasa ma takardar izinin zama yake riƙewa.

Yanzu sai batun takardu, inda mafi yawan kuɗin mutanenmu ke nutsewa. Mun saba da ciniki irin na gida: a kira shaidu, dalagen unguwa ya sa hannu, a rubuta takardar sayarwa, a yi fatiha a watse. Wannan takarda shaida ce cewa an biya kuɗi, amma ba ta tabbatar da cewa wanda ya karɓi kuɗin shi ne mai filin ba. Akwai takardar riƙon gado ta gargajiya da magajin gari ke bayarwa bayan bincike, akwai ta sake tsugunarwa da ake samu bayan an yanka unguwa, duk suna da amfani, amma a idon doka zato ne kawai na mallaka. Takardar da ke kashe magana ita ce titar fonsiye, wadda hukumar filaye ta ƙasa, ANDF, ke fitarwa. Dokar ta ba da wa'adin rangwame ga tsohon salon ciniki, wa'adin kuma ya cika a watan Agustan 2023. Wanda ke son kuɗinsa ya bi ta hannun notar, ya kuma je ofishin ANDF da kansa ya tambayi matsayin filin tun bai ba da ko dala ba.

A ƙasar Dandi fili na dangi ne. Sau da yawa mutum ɗaya ne zai sayar, ana cikin gini sai ga ƙanensa ya dawo daga Kwatano ko Legas ya ce ba da yawunsa aka yi ba. Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu laifi ne da ake ɗaure mutum a kai, amma ɗaurin ba ya dawo da kuɗin wanda aka cuta. Yawan irin waɗannan shari'o'i ne ya sa a 2022 gwamnati ta kafa kotu ta musamman kan filaye a Kwatano. Haka nan wanda ya sayi fili a unguwar da ba a yanka ba ya sani cewa ranar da masu awo suka zo za a zaftare wani kaso saboda hanya da makaranta da kasuwa, wani lokaci ma a matsar da shi wani wuri dabam. Dajin gwamnati na Gungun da ke kusa da Gene ba na sayarwa ba ne, haka gaɓar kogin Kwara, ko da wa ya sa hannu. Wanda kuma ya ga ambaliyar 2010 a Malanbil da Karimama ba sai an ce masa ya je ya duba fili da damina ba.

Dabarar da ta fi yawa a tsakanin fatake, kuma a ganina ta fi kowace haɗari, ita ce saye da sunan wani: maigidan da ake sauka wurinsa, ko abokin ciniki, ko matar da aka aura 'yar ƙasa. Muddin ana raye ana shiri, babu matsala. Ranar da mai sunan ya rasu, filin ya shiga gadonsa, 'ya'yansa kuma ba su san wata amana ba, takarda suka gani. Idan ka je kotu me za ka ce? Cewa ka kewaye doka ne aka cuce ka?

Ko da sunanka ne a takardar, akwai abin lura game da gado. Dokar iyali ta Benin ta 2004 auren da aka ɗaura a gaban hukuma kawai ta sani, na mace ɗaya, kuma tana raba gado daidai tsakanin ɗa namiji da 'ya mace. Alhajin da ke da mata biyu a Gaya da ɗaya a Malanbil, idan iyalinsa suka sasanta a gaban malam, shi ke nan. Idan mutum ɗaya ya ƙi ya kai ƙara, alƙali ne zai yanke hukunci.

Ga mai neman sito ko shago ko masauki a Gene, hanya mafi sauƙi ita ce hayar shekaru a rubuce a gaban notar: a faɗi tsawon wa'adi, a faɗi kuɗin, a faɗi wanda zai mallaki ginin idan wa'adi ya ƙare, manyan dangin mai filin kuma su sa hannu. Wanda ya nace sai ya saya a cikin Malanbil, ya fara da tambayar notar ko ƙasarsa tana cikin waɗanda sharaɗin yarjejeniyar ya shafa, amsar kuma ya karɓe ta a rubuce.